Igiyar da Sampe Ya Ja a Maƙogwaro

Bayan sallar la'asar matan gida suka fito suka ce wa Sampe ya je ya kira ungozoma. Matarsa Rannu tana naƙuda tun jiya, haihuwar fari, kuma ɗan ya ƙi juyowa. Da farko ana jin kukanta har gonar albasa. Yanzu ta yi shiru, kuma shirun ne ya tsorata su.

Ƙauyensu yana saman duwatsun ƙasar Duri. Sunansa ya shige mini, ko da yake na sha gahawa a kusan kowane gida na cikinsa. Ungozomar, Indo Maraisa, tana ƙauyen bayan dutse. A kan babur, kafin shinkafa ta nuna a tukunya an je an dawo. Amma ruwan makon nan ya zaftare gefen dutse ya binne hanyar, har da turakun waya. Abin da ya rage shi ne tsohon burtalin makiyaya, wanda ya ratsa ta kwazazzabon da suke kira Maƙogwaro.

Nene Tahang, kakan Rannu, yana zaune a ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙan da aka ɗora gidan a kansu. Shi ne na ƙarshe da ya yi kiwon ɓauna, irin ta gida, a ƙauyen. Ya ga Sampe yana ɗaure takalmi.

"Ina za ka, direba?"

"Maƙogwaro, Nene."

"Da wace dabba?"

"Jikarka na mutuwa a sama, kai kana tambayata dabba?"

"Na riga ka jin ta, kunnena bai mutu ba. Kun sayar da ɓaunaye kun sayi babura. To, hau babur ɗin mana."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya zaro wata igiya daga jikin azara. Ta yi baƙi da hayaƙi, tana da zarge a ƙarshenta.

"Masu wurin makiyaya ne irina, sai dai ba 'yan Adam ba. Ba mugaye ba ne. Amma makiyayi in ya ga abu yana tafiya shi kaɗai ba mai shi, garkensa yake kora shi. A Maƙogwaro ko kai mai kiwo ne, ko kai abin kiwo ne. Tunda ba ka da dabba, ja wannan a bayanka, kana yi mata magana kamar akwai ɓauna a jiki. Ka kira ta Sokko, sunan ta ƙarshe da na riƙe. Kada bakinka ya yi shiru, kada ka waiwaya. In ka kai dutsen da ake zuba wa dabbobi gishiri a wancan bakin, ka saki igiyar. Duk abin da ya hau ta a ciki, nasu ne."

"Me ake ce wa ɓauna?"

"Abin da kake ce wa babur ɗinka in ya ƙi tashi. Ban da zagin uwa."

Sampe ya karɓa don kada a ɓata masa lokaci. Bai taɓa kiwon ko akuya ba. Sana'arsa ɗaukar buhunan albasa zuwa kasuwa.

Burtalin ya fara a bayan maƙabarta, ya gangara cikin gora. Kofatan ɓaunayen da suka daɗe da mutuwa sun sassaƙa matakai a jikin dutsen, kowane rami cike da ruwa. Tun yana ganin rana a saman itatuwa har bangayen dutse suka haɗe a kansa, sama ta koma siririya kamar zare. A hagu bango ne mai gansakuka. A dama babu komai sai rami, da kogi yana ruri can ƙasa.

"Taho, Sokko," ya ce, yana jin kunyar kansa. "Yi sauri, Sokko."

Igiyar tana jan ƙasa a bayansa, tana tsalle a kan duwatsu, ba nauyi. Matsattsaku suka hau ƙafafunsa, bai tsaya cire su ba. Wurin yana warin ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙen dutse.

Sai wani wari ya shigo. Kashin ɓauna, sabo, mai ɗumi.

Daga nan ya ji ƙararrawa, irin ta itace da ake rataya wa dabba a wuya. Kwal. Kwal. Ɗaya a gaba, wata a baya, wata kuma daga cikin bangon dutsen kansa. Ya ɗaga murya.

"Taho, Sokko. Kyakkyawa, Sokko. Gida za mu."

Maganar ta ƙare masa. Mutumin da bai taɓa kiwo ba, me zai yi ta faɗa wa igiya? Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har kalmomin suka zama iska. Bakinsa yana motsi, amma zuciyarsa tana can ɗaki, inda ya bar Rannu kwance, leɓɓanta sun yi fari. Ƙafarsa ta zame, ya dafa bango, ya ci gaba. Bai san lokacin da harshensa ya bi zuciyarsa ba.

"Daure, Rannu. Taho, Rannu, saura kaɗan."

Igiyar ta yi nauyi.

Ba maƙalewa ta yi a dutse ba. Ta tashi daga ƙasa, ta miƙe daidai ƙugunsa, tana rawa kaɗan-kaɗan kamar mai numfashi.

"Sokko," ya ce da sauri. "Sokko na ce."

A bayansa aka taka ruwa. Ba kofato ba ne. Tafin ƙafa ne, marar takalmi, ana jan ɗaya. Ƙamshin man kwakwa da citta ya iso hancinsa, wanda matan suka yini suna shafa mata a ciki.

"Yaya," aka ce a hankali. "Kana sauri da yawa."

Wuyansa ya fara juyawa da kansa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini.

"Rannu, me kike yi a nan?"

"Kai ka kira ni."

Ya so ya zauna a wurin ya yi kuka. Amma an ce kada bakinsa ya yi shiru, kuma duhu yana cika kwazazzabon daga ƙasa kamar ruwa a tulu. Ya rage sauri. Yana tafiya yana lallashinta, yana faɗa mata inda dutse yake da santsi. Lokaci-lokaci igiyar takan tsaya cik, ya ji nishinta, ya jira har ciwon ya lafa.

Ƙararrawar ta ƙaru. Yanzu jikkuna masu zafi suna wuce shi a inda hanyar ba ta isa mutum biyu ba. Gashi mai kaushi ya goge hannunsa. Wani abu ya huro masa numfashi a ƙeya.

Sai ya lura akwai mai tafiya a damansa.

A daman nan babu ƙasa.

Bai duba ba. Gefen idonsa dai ya ga doguwar sanda, da hular ganye mai faɗi. Warin taba ya zo, irin ta da, wadda ake naɗewa a ɓawon masara.

"Sannu da kiwo," in ji muryar. Ba ta da ƙarfi, kamar ta dattijon da ya gaji.

"Yauwa. Sannu."

"Taka ce?"

"Tawa ce."

"Mai ciki ce." Hular ta karkata baya, kamar ana duba ta. "Mun daɗe ba mu samu mai ciki ba."

Sampe ya kama Ayatul Kursiyyu. Muryar ta jira shi cikin ladabi har ya kai ƙarshe.

"Madalla. Mu ma muna karantawa. Ba satar komai muka zo yi ba, ɗan samari. Kai ka ɗora ta a igiya."

"Kuskure na yi."

"Kowa da kuskure yake kawowa."

Can gaba bangayen suka fara buɗewa. Ya hango sauran hasken magariba, ja-ja, da dutsen gishiri, faffaɗa, harsunan dabbobi sun lashe tsakiyarsa ya zama kamar akushi. Gaba da dutsen gonakin shinkafa ne. Har kiran salla yana jiyowa daga nesa.

Ya ƙudura ba zai saki ba. Ya naɗe igiyar a hannu, ya wuce dutsen da gudu.

Igiyar ta fizge shi ya faɗi da baya. Ya tashi ya sa ta a kafaɗa ya ja. Kamar dutsen kansa yake ja. A bayansa Rannu ta yi wani sauti, na wadda aka shaƙe.

"Yaya, wuyana."

Ya sassauta.

"Saki," in ji muryar. "Abin da ke cikin zarge ya zauna, mai riƙe da igiya ya wuce. Haka muka yi da kakanninku. Je ka kira ungozomarka."

"In na saki, me za ta tarar a gida?"

Kwal, kwal, ta ko'ina.

"Ku ɗauki babur ɗina. Ku ɗauki gonar."

Wani ya yi dariya can cikin duhu, ba ta mugunta ba.

Sampe ya tsaya yana haki, maganar muryar tana dawo masa. Mai riƙe da igiya ya wuce. Ya rufe ido gam. Ya fara ja da baya, yana bin igiyar hannu bayan hannu, har bayansa ya taɓa wani abu mai tauri da ɗumi. Cikinta ne. Ya ji ɗan ya motsa.

Ya miƙa hannu ta baya. Jiƙaƙƙen gashi. Kunne, da ɗan kunnen da ya saya mata. Zargen.

Ya zare shi daga wuyanta ya zura a nasa.

Ya laluba tafin hannunta, ya danƙa mata ɗaya ƙarshen.

"Wuce gabana," ya raɗa mata. "In kin kai dutsen, ki saki, ki tafi gida."

Ƙararrawar duk ta tsaya.

Gwiwoyinsa suka lanƙwashe ba da sonsa ba. Tafukansa suka dafa laka. Ya buɗe baki zai ce mata ta yi sauri, abin da ya fito ba magana ba ce. Ciyawar gefen hanya ta fara yi masa ƙamshi. Sunan ƙauyensu ya fita daga kansa, sannan sunan uwarsa.

Sanda ta taɓa haƙarƙarinsa, a hankali, tana juya shi cikin kwazazzabon.

Ya juya.

Zargen ya shaƙe shi.

"Saki, yarinya," in ji muryar. "Kin wuce dutsen."

"Ban saki ba."

"Namu ne."

"Ni nake riƙe da shi. Taho, Yaya."

Ta ja. Matar da ta kwana ta yini tana naƙuda, ban san inda ta samo wannan ƙarfi ba. Sanduna suka sauka a bayansa. Ƙahoni suka tare shi. Bai san ko shi wane ne ba, amma ya san muryar, ya bi ta da rarrafe, farcensa yana karyewa a dutse.

Haƙarƙarinsa ya goge dutsen gishiri.

Ya faɗa cikin ruwan gonar shinkafa.

"To, riƙe shi da kyau," aka ce daga baya, ba fushi. "Ran da kika saki, muna nan."

Ya buɗe ido. Ba kowa a gabansa. Igiyar tana kwance a laka.

A haka Indo Maraisa ta same shi a bakin gonarta, a kan gwiwa da hannu. Sunan Rannu kaɗai ya iya faɗa. Ta kalli zargen wuyansa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta aro ɓaunar ƙanin mijinta, ta ɗauki jakarta da fitila, ta shiga Maƙogwaro tana yi wa dabbar faɗa. Bayan isha'i ta juya ɗan da hannunta. Mace aka samu.

Matan da ke ɗakin sun ce wajen magariba Rannu ta daina numfashi, har sun fara salati. Sai suka ga ta dunƙule hannun dama, tana ja, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Da aka buɗe hannun daga baya, fatar tafin ta saɓule.

Sampe bai dawo ba sai da aka buɗe hanyar mota. Ya koma ɗaukar albasa, yana ciniki, yana dariya kamar kowa. Sai dai da magariba, in hazo ya taso daga kwari, magana takan tsaya masa a tsakiya. Ya ajiye cokali, ya juya fuska wajen Maƙogwaro. Saboda haka kullum kafin rana ta faɗi Rannu takan ɗaura zare a wuyan hannunsa, ta naɗe ɗaya ƙarshen a nata. Da shi take girki, da shi take barci. 'Yan ƙauye sun yi ta tsokanarsu, suna tambayarta nawa za ta sayar da shi, har suka gaji.

Zuwana na ƙarshe na same ta ta tsufa, ciwo ya kama mata gaɓoɓi, yatsun ba sa rufuwa sosai. 'Yar tana zaune kusa da ita, tana koyon ɗaurin. Na yi mata sannu da jiki, na ce Allah ya ba da lafiya.

"Amin," ta ce. Ta dubi mijinta, wanda ya riga ya juya fuska. "Ni ba mutuwar nake tsoro ba, Malam. Ka san in mutum ya cika, hannunsa buɗewa yake yi."