Koren Gyalen Mama

Ranar da ta fara shiga shagonsu da buhu a hannu tana tambayar ragowar yadi, telan ya bi ta da kallo har ya ɗinke bakin aljihun rigar da ke kan kekensa. Ita masaƙiya ce. Ƙyallaye da tsofaffin kaya take yankawa siri-siri, ta saƙa darduma da su.

Mutumin da bai san inda tsintsiya take ba, sai ga shi kullum yana share ƙarƙashin keke, yana ware ja daban, shuɗi daban.

“'Yar Ƙyalle, buhunki ya cika, zuciyata ma haka,” ya rubuta mata.

“Telana, gobe zan ɗauki buhun. Zuciyar kuwa ka adana min.”

Mahaifinsa ne bai yi na'am ba, wai ɗansa ba zai auri mai tsintar tsumma ba. Ana cikin lallashinsa kuma aka yi ɓarna. Matar wan telan, baƙuwa a gidan, ta ga wani koren gyale da asu ya cinye, ta jefa a buhun ƙyallayen da telan ke tara wa masaƙiyar. Ashe na marigayiya mahaifiyarsu ne, Baba ya fitar da shi daga akwati don ya sha iska. Kafin a farga, masaƙiyar ta yanka shi ta saƙa cikin babbar dardumar da ta daɗe tana shiryawa don baje koli.

“Baba ya ji an yanka koren gyalen Mama an saƙa a dardumarki, ya ce kar in ƙara ambatonki. Raina ya ɓaci, ban san yadda zan yi ba,” telan ya aika mata.

Shiru, har ya ɗauka fushi ta yi. Alhali warware dardumar take yi, tana kuka tana zare koren ɗaya bayan ɗaya. Ta haɗa shi da farin zare ta saƙa mayafin kafaɗa, ta sa goggonta ta raka ta gidan su telan.

Ta durƙusa ta ce, “Baba, ba zan iya mayar da shi yadda yake ba. Amma ko zare ban bari ya ɓata ba.”

Ya daɗe yana shafawa. A tsakiya ya tarar da facin da marigayiyar ta yi da hannunta, an bar shi yadda yake. Ya ce a da ko taɓa gyalen tsoro yake ji kar ya yage, yau ga shi a hannunsa. Ya tambaye ta dardumar, ta ce ta warware.

“To ki zo gidan nan ki saƙa wata, 'yata. Allah ya yi muku albarka.”

Ranar ɗaurin aure an yi zafi sosai, kowa na fifita. Babu yadda ba a yi da Baba ya sauke mayafin nan daga kafaɗarsa ba, ya ce ai uwar ango ma sai ta halarta.