Muryar Ramalan Daga Abuja

"Wa ya sa wa rediyon nan sabon pil?"

Zalissa ba ta san maganar ta fito daga bakinta ba sai da ta ga mazan da ke kan tabarma sun juyo suna kallonta. Farantin shayi na hannunta.

Dabo, ɗan ƙanwar babanta, ya yi murmushi.

"Ni ne, ƙanwata. Na ga duk pil ɗin da Kawu ya sa, kafin yamma ya mutu... kamar akwai mai canzawa."

Zalissa ta kau da kai.

Ita ce mai canzawar, tana sa tsohon batir don kada rediyon ya kai yamma.

Babanta, Alhaji Abdulƙudus, bai ɗago ba. Ya kara rediyon a kunne yana murza shi a hankali, yana neman tashar Hausa da bai taɓa yarda shirinta na yamma ya wuce shi ba. A bayansa jan fenti ne a jikin bango, alamar da gwamnati ta shafa wa gidajen Zangon Wagadugu da za a rushe. Maƙwabta har sun fara kwance kwanon rufinsu. Duk da haka dattawa ba su fasa zama a ƙofar gidansa ba, balle yanzu da ake wasannin ƙasashen Afirka a Abuja, kullum sai an karanto sakamako.

"Najeriya na ta kwasar zinare," in ji wani tsoho. "Mu Burkina fa?"

"Mun kwaso gajiya!"

Aka yi dariya. Zalissa ta ajiye farantin, amma ta kasa komawa cikin gida.

Ramalan na Abuja.

Ramalan ɗinta, mai walda a unguwar Gounghin, ɗan dambe tun yana yaro. Ranar da ya zo neman aurenta, Alhaji magana ɗaya ya yi masa: "Ba zan ba da ƴata ga hannun da ya saba dukan mutane ba." Ramalan ya rantse da Allah a gaban kawunsa cewa ya bar dambe. Aka ce to, a kawo goro bayan an tashi daga unguwar.

Sai ga shi wani ɗan damben ƙasa ya karye a hannu, mai horarwa ya bi Ramalan har wurin walda.

Ta tuna yammar da ya tare ta a bakin famfo, idonsa ja.

"Zali, ƙasa ce ta kira ni. Tun ina ƙarami nake jiran ranar nan. Amma in kin ce a'a, wallahi ba ni zuwa."

"Ka rantse fa, Ramalan..."

"Na sani."

"In ba ka je ba, za ka yafe mini?"

Ya sunkuyar da kai. Ta gane amsar.

"Tafi, masoyina."

"Baba fa?"

"Bar ni da Baba."

Ba ta gaya masa abin da za ta ce ba, don ita ma ba ta sani ba. Da Alhaji ya tambayi dalilin da yaron ya daina zuwa gaisuwa, sai kawai ta ji bakinta na cewa ya bi motar goro zuwa Kumasi. Alhaji ya yi murna har ya shafa gemu. "Sana'ar kakanninmu! Yaron nan ya yi hankali." Ya gaya wa duk wanda ya zauna a tabarmarsa.

Dabo kuwa, wanda ya daɗe yana son a ba shi ita, ya sa ido. Ya dai fara yawan zuwa da yamma.

Rediyon ya yi ƙara, murya ta fito tangaran.

"...kuma yau a masaukin ƴan wasa mun yi kiciɓis da wani ɗan damben Burkina Faso da ke jin Hausa. Malam, sunanka?"

"Ramalan. Daga Zangon Wagadugu."

Dattawa suka matso kusa da rediyon.

Zalissa ta dubi babanta. Wayyo Allah...

"Yaya wasa?"

"Bon... na ci karon farko. Na biyu aka cinye ni da maki. Saura ƙiris in kai ga lambar yabo. Ƴan uwana ma sun yi ƙoƙari, kayan aiki ne ba mu da shi kamar na sauran."

"Sai wani karon ke nan?"

"A'a, na gama. Pardon, ka ba ni dama in yi magana da wani dattijo. Na san yana ji, shirin nan ba ya wuce shi." Ya gyara murya. "Baba Alhaji, na yi maka rantsuwa na karya. Laifina ne ni kaɗai. Ni na tilasta mata ta ce maka na tafi garin Bobo. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma ita ba ruwanta."

Ɗan jaridar ya yi dariya, ya wuce zuwa labarin tseren keke.

Alhaji ya kashe rediyon.

"Bobo," ya ce a hankali. Ya juyo ya dube ta. "Zalissa, Bobo kika ce mini?"

"A'a, Baba..."

"Ina kika ce?"

"Kumasi."

"To shi bai ma san garin da kika kai shi ba. Ke kika ƙirƙira."

"Baba, don Allah..."

"Na zauna nan ina yabonsa a gaban mutane, ke kina zuba mana shayi kina ji!"

Dattawa suka fara neman takalmansu. Dabo ya girgiza kai kamar mai jin tausayi.

"Kawu, da ma na so in faɗa, na ji tsoron a ce hassada ce."

"Maganar auren nan ta mutu," in ji Alhaji. Ya ɗauki rediyonsa ya shige.

Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarta ba. In ta kai masa ruwan alwala, sai ya ce a ba ƙanwarta ta kawo. Zalissa ta rame. Tana naɗe tabarmi, tana ɗaure tukwane, kunnenta na waje. Duk mobilet, wato ƙaramin babur, da ya tsaya a lungu sai ta leƙa.

"Inna, ya ce kada a gaya wa kowa inda za mu koma," ta ce wa mahaifiyarta, Salamatu, tana kuka. "In Ramalan ya dawo ya tarar da fili fa?"

"Wanda ya iya kiran babanki ta rediyo daga Abuja, ba gidanmu ne zai gagare shi nema ba."

"Ki yi masa magana, Inna!"

"Na yi. Ya ce ƙaryar yaron ba ta dame shi kamar taki ba." Salamatu ta ɗaure bakin buhu da ƙarfi. "Kuma Dabo ya turo uwarsa jiya neman aurenki."

"Wallahi gara in mutu!"

"Rufe mini baki. Miƙo igiyar nan."

Ranar tashi, kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gida tun da hantsi. Rabin layin ya riga ya zama tarin ƙasa. Ana cikin loda kaya, Alhaji da kansa yana kwance ƙyauren zaure, don ya ce ƙofar da ubansa ya kafa ba za ta shiga ƙarƙashin katafila ba.

Zalissa ce ta fara hango shi.

Yana tafe a ƙasa cikin rigar ƴan wasan ƙasa, jaka a kafaɗa, idonsa na hagu a kumbure. Yana ta waige-waige kamar baƙo, don duk alamun da ya sani a unguwar sun ɓace.

"Ramalan..."

Bai kalle ta ba. Ya wuce kai tsaye ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Baba, ga ni."

Alhaji ya ci gaba da kwance ƙusa.

Dabo ya diro daga kan kamiyon.

"Kai! Har kana da idon zuwa nan? Ka tozarta Kawu duniya na ji!"

"Dabo, ba da kai nake ba."

"Da ni kake! Tashi, ɗan dambe. Nuna mana abin da ka kasa yi a Abuja!"

Ramalan ya miƙe. Kafin ya gama miƙewa, Dabo ya kwaɗa masa mari, daidai kan idon da ya kumbura.

Ƙarar ta sa masu lodi suka tsaya.

"Ramalan, kada!" Zalissa ta kurma ihu. "Don Allah kada!"

Ta ga kafaɗarsa ta motsa. Ta ga ƙafarsa ta dama ta ja baya da kanta. Ta runtse ido...

Ba ta ji ƙarar duka ba.

Da ta buɗe, hannayensa biyu na bayansa, ɗaya ya damƙe ɗaya har jijiyoyi sun tashi. Jini na bin kumatunsa. Dabo ya sake ɗaga hannu.

"Dabo!"

Alhaji ne. Ya ajiye guduma.

"A ƙofar gidana? Baƙon da ya durƙusa a gabana?"

"Kawu, don mutuncinka na..."

"Mutuncina ko buƙatarka? Wuce gidan uwarka. Zan zo in same ta."

Dabo ya tsaya jim, ya ga babu mai kallonsa da rahama, ya ja mobilet ɗinsa ya tafi.

Alhaji ya daɗe yana duban Ramalan.

"Me ya hana ka ramawa?"

"Da na rama, da asibiti za a kai shi, Baba."

"Don ina kallo ne?"

"Har da haka," in ji Ramalan. "Ba zan ƙara yi maka ƙarya ba."

Wani abu kamar dariya ya taso wa Alhaji, ya danne.

"Rantsuwar da ka karya ba tawa ba ce, ta Allah ce. Ka yi kaffara."

"Zan yi, Baba."

"Ke kuma..."

Zalissa ta zube a ƙasa, ta kama ƙafarsa.

"Na tuba, Baba! Ka dake ni, ka zage ni, amma ka amsa gaisuwata..."

Alhaji ya kau da kai. Salamatu na tsaye a bakin zaure da tukunya a hannu, kallonsa kawai take.

"Tashi," ya ce daga ƙarshe. "Kawo ruwa ya wanke fuskarsa."

Ta ruga. Ta dawo ta miƙa wa Ramalan butar.

"Da zafi?" ta raɗa masa.

"Kaɗan. Zali... na ji an ce Kumasi kika kai ni?"

"Kai kuma wa ya aike ka Bobo?"

Ya yi dariya, idon ya hana shi ƙarasawa.

"Kai, ɗan dambe!" Alhaji ya kira. "Zo kama mini ƙyauren nan. Da nauyi."

Suka ɗaga shi tare, suka ɗora a kan kaya. Direba ya tayar da mota. Mata suka shiga, Alhaji ya buɗe gaba, ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya waiwayo. Ramalan na tsaye a gefe da jakarsa, bai san ko ya tafi ko ya tsaya ba.

Zalissa ta leƙo daga cikin motar.

"Azumi ya matso," in ji Alhaji. "Bayan Sallah kawunka ya kawo goro."

"Baba... ban san sabon gidan ba."

"To me kake jira? Hau baya ka riƙe mini ƙofata."