Injiniyar Banɗaki

Siminti Injiniya ta tarar. Ta durƙusa ta sa sukudireba a ƙaramin ramin da ke gaban masai, ƙarfe ya ce ƙwas. Ta leƙa na gaba, shi ma an liƙe shi. Kafin ta kai ƙarshen layin banɗakunan ɗalibai, kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Wane ne ya yi wannan aika-aikar?" ta faɗa da ƙarfi.

"Ni ne na sa a gyara," in ji wata murya daga bakin ƙofa.

Ta waiwaya. Wani dogon saurayi ne riƙe da tarin makullai, malamin da ke kula da ɗakin kwanan yara maza. Har da murmushinsa, kamar mai jiran godiya.

"Gyara? Malam, ka san wata nawa kamfaninmu ya yi yana kafa waɗannan?"

"Ai da huda suka zo, Injiniya. Na ga rami biyu, na ce ɗaya kuskuren masu ƙerawa ne."

Ta miƙe tsaye tana huci.

"Kuskure? Ramin gaba na fitsari ne. Bututunsa daban, tankinsa daban. A ajiye shi watanni, ƙwayoyin cuta su mutu, manoma su ɗiba su yi taki. Na baya shi ake kora da ɗan ruwa kaɗan. Ruwa ba ya ɓaci, sokawe ba ya cika da wuri, rijiyar makaranta ta huta. Duk na yi wannan bayanin ranar taron malamai. Kana ina?"

Ya sosa ƙeya. "Ina bayan aji. Barci ya ɗan sace ni."

Ta wanke shi tas, ba ta rage masa komai ba. Shi kuwa bai ji rabin faɗan ba, idonsa na kan yadda girarta ke haɗuwa in ta fusata. Da ta tsagaita ya ajiye makullan, ya naɗe hannun riga.

"Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ni kurfi da guduma."

Har la'asar suna fasa siminti. Ya daki yatsansa sau biyu, ba ta ce masa sannu ba. Amma da ya roƙi lambarta, wai saboda in wata matsala ta taso, ta ba shi.

Tana isa gida saƙo ya shigo:

"Barkono, yatsana ya kumbura. Wannan ma matsala ce, shi ya sa na sanar da ke."

Ta yi tsaki ta rubuta: "Ka sa masa siminti."

Sai da ta tura ta ga tana dariya ita kaɗai.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Duk ranar da ta zo duba tanki, Malam na nan da ruwan sanyi a hannu. Shi ya koma koya wa sababbin ɗalibai yadda ake amfani da banɗakin, yana kwaikwayon muryarta har yara su kwanta da dariya. Ya san ba ta son a katse ta in tana magana, ita kuma ta san in ya ji kunya sai ya hau wasa da makullai. Wata rana ya aiko mata:

"Barkonona, in babu ke duniyata lami ce. Na faɗa wa Mama zancenki. Tana son ganinki ranar Asabar."

Ta karanta har ta haddace. Ta amsa: "Allah ya kai mu, Malamina."

Mama tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, mace mai tsafta da kaifin ido. Ta karɓe ta hannu bibbiyu a falon da ke ƙamshi. A gefen kujera wata budurwa na zaune da jakar kwalabe, 'yar ƙawar Mama ce mai sayar da turare, wadda aka daɗe ana yi wa Malam sha'awarta.

"Ɗana ya ce a ofishin ruwa kike," in ji Mama. "Aiki mai kyau. Ruwa abokin aiki."

Injiniya ta dubi Malam. Makullai suka fara ƙara a hannunsa.

Mai turare ta gyara zama. "Ofishin ruwa? Ni kuwa kamar na taɓa ganinki a bayan wata mota mai tanki, kin sa safar hannu. Aka ce mini fitsarin 'yan makaranta kuke kwasa." Ta ɗan toshe hanci. "Ko dai kama ce?"

"Ba kama ba ce. Ni ce." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Mama, ba a ofishin ruwa nake ba. Banɗaki nake kafawa, irin mai raba fitsari da bayan gida. Shi na karanta, shi nake yi."

Fuskar Mama ta sauya nan take. Ta janye tiren da ta turo gabanta.

"To, mun gode da ziyara."

A ƙofar gida Malam ya biyo ta da gudu.

"Barkono, tsaya ki ji. So nake ta fara saninki tukuna, daga baya..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan!" Ta juyo idonta jajir. "Ita waccan ba ta ba ni haushi ba, gaskiya ta faɗa. Mama ma ba ta san ni ba. Kai fa? Kai da ka ga yara sun daina ciwon ciki, ka ga lambun makaranta ya yi kore shar, kai ne kake jin kunyata? Wanke ni ka yi kafin ka kawo ni gidanku?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"Haka ne. Je ka auri ƙamshi."

Ta tare mota ta tafi. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, tana sharewa ba tare da ta buɗe ba. A wurin aiki kowa ya shiga taitayinsa, don ko ƙusa aka ɗaure a karkace sai an ji muryarta. Makarantar Malam kuwa, abokin aikinta ta riƙa turawa can, ta ce ƙafarta ba za ta ƙara takawa ba. Sai dai in ta kwanta, ƙarar makullan nan take ji, haushi ya sake turnuƙe ta, har da haushin kanta.

Ana nan wata safiya, tana wata sabuwar kasuwa tana haɗa bututu, aka ce ta yi baƙuwa. Mama ce tsaye cikin ƙura, fuska a ɗaure.

"Ke kika raba ni da ɗana," in ji Mama, ko gaisuwar ba ta bari an gama ba. "Ya zo ya tsaya a gabana, yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce shi ne maƙaryaci, ke ba ki ɓoye komai ba. Ya ce wa 'yar mutane mai turare ta yi haƙuri, ba zai aure ta ba. Ya ce in ba ke ba, sai dai ya tsufa a ɗakin kwanan yara."

Injiniya ta ajiye bututun da ke hannunta.

"Mama, ni ban raba ku ba. Amma don Allah in yi tambaya. Da kike asibiti, wa yake ɗauke fo ɗin bayan gidan marasa lafiya?"

"Ni!" Mama ta daki ƙirji. "Ni, da hannun nan! Shi ya sa. Kin san abin da na gani? Dangin mijina ba sa cin abincina. In na zuba, sai su ce sun ƙoshi. Yarana ana ce musu 'ya'yan mai kwasar ƙazanta. Kina so jikokina su ji irin wannan?"

"To kin daina aikin?"

"In daina saboda wa? Saboda jahilai?"

"Ni ma ba zan daina ba, Mama."

Suka tsaya suna kallon juna, kowa na huci. Leburori suka dakata da aiki, shebur a hannu. Can Mama ta ja dogon tsaki.

"Kai, yarinyar nan da taurin kai kike. Mu je ki nuna mini abin, in ga me ake yi wa wannan rashin kunyar."

Ta zagaya da ita. Mama ta leƙa rami, ta shinshina iska, ta yi tambayoyi kamar mai binciken ɗakin tiyata: wata nawa ake ajiyewa, wa ke buɗe tankin, ina wurin wanke hannu. Da ta ga sabulun ya yi nisa da famfo, ta balbale ta da faɗa. Injiniya ta amsa laifi, don a nan kam Mama ke da gaskiya.

Da za ta tafi ta ce, "Ban ce aikin ya burge ni ba. Amma mutanen da za su yi magana, ki bar ni da su. Na daɗe ina jiran su."

Da yamma saƙo ya shigo. Wannan karon ta buɗe.

"Ban da hujja. Tsoro na ji, na ɓoye abin da ya fi komai burge ni a tare da ke. Ki yi mini faɗa iya son ranki, amma ki yi mini shi a gabana. Ina ƙofar gidanku."

Ta fito ta same shi ya rame, wuya ya yi tsawo. Ta yi masa faɗan kuwa, tun daga farko har ƙarshe, bai katse ta ko sau ɗaya ba. Da ta gaji ta ce, "Ka ci abinci yau?"

"A'a, Barko..." Ya yi sauri ya kama bakinsa.

"Ƙarasa mana," ta ce, tana kau da kai don kada ya ga murmushin.

Bayan watanni kaɗan aka ɗaura aure. A wurin walima wata gwaggon ango ta karkato ta tambayi Mama, da ɗan yatsine, wai me amaryar take yi ne.

Mama ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji.

"Injiniyar banɗaki ce. Fitsari take mayarwa taki. Akwai magana?"

Gwaggo ta ce babu.

Mama ta kamo hannun amarya ta ɗora a kan na ɗanta, idonta ya ciko.

"Ga ta nan. Ka ƙara ɓoye ta, ni da kai ne. Ke kuma ki riƙa sassauta masa, ba shi da ƙarfin faɗa irin namu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Ɗakin ya amsa da amin. Amarya ta sunkuyar da kai, ta matse hannun Malaminta, ita ma ta ce amin.