Na'urar da ke Ƙirjin Abba

"A sake ɗaga bikin? Karo na uku ke nan fa, Auta!" in ji saurayin da za ta aura.

Ta sunkuyar da kai a bakin ƙofa, tana murza gefen mayafinta. Mako biyar da saka wa Abbanta na'urar daidaita bugun zuciya, amma har yau kafaɗarsa ta hagu a kumbure take, ga jiri, ga shaƙuwa mai hana shi sakat. Tun rasuwar Umma ita kaɗai ta rage masa.

"Ko riga ba ya iya sawa shi kaɗai... Wa zan bar wa shi?"

"Ni kuma fa, rabin raina? Dangina sun fara cewa wasa kike min da hankali."

"To ka bi maganarsu mana!"

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Ya juya ya tafi, ko sallama babu.

Ashe Abba na jin su ta taga. Shi kuwa taurin kai kamar a kansa aka ƙare. Shekara talatin yana walda, kuma likita ya ja masa kunne sosai: kada ya kusanci injin, wutarsa na rikita na'urar. Washegari da sassafe ya sulale zuwa shago. Bai yi minti biyu da kunna injin ba ya yanke jiki ya faɗi.

A asibiti Auta ta tarar da saurayin nata rungume da takalman Abba. Shi maƙwabtan shagon suka samu a waya, shi ya ɗauko Abba.

Da ƙyar Abba ya buɗe ido.

"Gadon aurenki na so in ƙera da hannuna... ku ga na warke, ku yi bikinku."

"Abba, gado nake so ko kai?!" Ta fashe da kuka, tsoro da haushi duk sun cika ta.

Saurayin ya durƙusa.

"Abba, zan mayar da makullin gidan da na kama haya. In ka yarda, a ɗakin da ke kusa da naka za mu zauna."

"Za a yi maka dariya, ɗana. A ce ka tare gidan surukai."

"Su yi. Bakinsu ne zai gaji."

Abba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa mai kanta da tabon wuta. Sannan ya juya fuska ga bango don kada su ga hawayensa.

"Ku sa rana," ya ce a hankali. "Injin kuma... ku sayar da shi. Kada dai ku bari in ga fitarsa."