Agogon da Bai Jiƙe Ba

A gindin dalbejiyar ƙofar gidan Ticha Ezekiya aka ƙulla maganar, farkon watan Mayu na 2016. Hannah, 'yar Ticha, nas ce a Yola. Ishiyaku kuwa maƙwabcinsu ne, shi ya goya tsohon a baya ya haye duwatsu da shi lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Adda, matar Ticha, ba ta kai ba. A hanya aka binne ta.

"Kawu, likita ya ce tafiya cikin ruwa ce maganin gwiwar Baba," in ji Hannah. "Amma zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Kullum da safe ka kai shi kogi, mayon nan namu, ruwa iya ƙugu, kana riƙe da shi. Wannan agogon yana ƙirga bugun zuciya. In ya haura ɗari da goma, ka fito da shi."

"Ni da ban yi boko ba?"

"Lamba ai ka iya. Gonar Baba ta Wuro Patuji kuma ka noma bana, abin da ta bayar naka ne."

Ishiyaku ya dawo gudun hijira ya tarar da rumbunsa toka, bakuna bakwai na jiran sa. Bai ja magana ba. "Na ɗauka," ya ce.

Sati shida bayan haka, ranar wata Talata, aka kawo rahoto caji ofis cewa tsoho ya mutu a ruwa. Sufeto Elkana aka ba aikin. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana ganin gawa, amma da ya yaye zanen da aka rufe wannan da shi a kan yashi, sai ya cire hula. Ticha ne ya koya masa rubuta sunansa a firamare.

Mayo ya yi jajir, ya ƙaru, don an sha ruwan sama a kan duwatsu ranar Litinin. Ishiyaku na tsugune gefe, jiƙe sharkaf, idanu sun kumbura.

"Kana ina lokacin da ya faɗi?"

"Ina riƙe da shi, Yallaɓai. Na duba agogo, tamanin. Sai kawai ya sulale, ruwa ya ƙwace min shi."

"Ina agogon?"

Ishiyaku ya zaro shi daga aljihu. "Na cire masa, kar a sace."

Elkana ya jujjuya shi. Maɗaurin roba ne baƙi, kuma ya lanƙwashe a rami na shida, inda aka saba ɗaurawa. Ya durƙusa ya ɗaura a hannun gawar daidai ramin. Agogon ya zame har kusa da gwiwar hannu. A cikin ramukan kuma akwai jar ƙasa. Yashin mayo fari ne. Ya cire agogon, ya sa shi a leda.

Bilkisu mai wanki ce ta fara ganin gawar, saiwar wata bishiya ta tare ta.

"Ƙarfe nawa?"

"Ana kaɗa ƙararrawar makaranta, Oga. Takwas saura."

"Ishiyaku na wurin?"

"Yana nan."

"Wa ya fito da gawar?"

"Ni da masu ɗiban yashi."

"Shi fa yana me?"

Ta matse rigar da ta riga ta matse. "Ya tafi neman taimako."

"Ya bar masu ɗiban yashi a gabansa, ya tafi neman taimako?"

"Oga, mutumin kirki ne. Kowa ya san abin da ya yi wa Ticha."

Da la'asar Hannah ta iso daga Yola, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta zauna a bencin ofis, muryarta a bushe.

"Kada ku wahalar da Kawu, Yallaɓai. Ni na kashe Baba. Ni na sayi agogon, ni na ce a yarda da shi."

"Sista, abin da ya ƙirga yana ajiyewa?"

"Yana ajiyewa. Duk Asabar in na zo nakan haɗa shi da wayata."

Ta haɗa. Kowace safiya da layinta. Na sati biyun farko duk a yayyanke suke, nan hamsin, nan ɗari da saba'in, nan babu komai. Daga sati na uku layin ya kwanta sumul, saba'in zuwa tamanin.

"Nan ne ya fara samun sauƙi," ta ce. "Har sadakar godiya na kai coci. Kafin nan na tsorata, na ce wa Baba in layin ya sake tsalle haka, shi da mayo sun rabu."

"Nuna min na yau."

Layin ya fara bakwai saura, yana tafiya wajen ɗari ba yankewa. Elkana ya bi shi da yatsa, ya wuce takwas saura, ya wuce takwas da rabi. Tara saura kwata ya yi sama, ɗari da sittin, sannan ya tsaya.

"Sista, ke ce nas. Zuciya takan yi awa guda tana bugawa bayan an shimfiɗe mai ita a kan yashi?"

Hannah ta daɗe tana kallon wayar.

Washegari da safe Elkana ya ɗauki Hannah suka koma mayo. Ya tuɓe takalmi, ya ɗaura agogon, ya shiga ruwa har ƙugu da wandon gwamnati, yana tafiya yana kaɗa hannu yadda aka ce Ticha na yi. Masu ɗiban yashi suka tsaya kallo, ɗaya ya ce yau hukuma ta zo kama kifi. Agogo ya nuna hamsin da takwas. Ya ɗauke. Ya dawo da ɗari da saba'in, alhali mutumin ko haki ba ya yi. Ya fito, ya goge hannu, ya zauna. Tamanin da huɗu, ya tsaya cak.

"Da koren hasken bayansa yake leƙen jini," in ji Hannah a hankali. "In ruwa ya shiga tsakaninsa da fata, ga sanyi, sai ya rikice. Ban taɓa gwada shi a ruwa ba. A ɗaki na gwada."

"To abin nan a ruwa maƙaryaci ne," Elkana ya ce. "Sati biyun farko ƙarya ya yi miki, don yana hannun Ticha. Sati huɗun da ya faɗi gaskiya, ba zuciyar Ticha yake ƙirgawa ba. Ko jiƙewa bai yi ba."

Daga nan ya wuce Wuro Patuji. Gonar Ticha jar ƙasa ce, an yi huɗar rabinta, rabin an bar shi. A gonar maƙwabta ya sami Ɗanjuma mai shanun huɗa.

"Jiya ka yi wa Ishiyaku aiki?"

"Tun bakwai saura. Sati uku yana bin layi. Na ce masa jiya da safe ko kuma ya jira wani wata, ƙasa ba ta jiran kowa in ta sha ruwa. Yana bin garma yana duba agogo kamar ma'aikacin banki. Sai wata mata ta zo da gudu, ya zubar da iri ya bi ta."

A ofis Elkana ya ajiye ledar a tebur. Hannah ta roƙa a bar ta ta zauna, aka bar ta.

"Miƙo hannunka, Malam Ishiyaku."

Maɗaurin ya zauna daram a rami na shida.

Ishiyaku ya kalli hannun nasa, ya sauke numfashi. "Ticha ne ya fara kawo maganar. Ranar da Hannah ta ce za ta hana shi mayo, ya ce min, 'Ishiyaku, ɗaura abin nan, zuciyarka ba ta da surutu. Cikin ruwan nan ne kaɗai nake manta inda muka bar Adda.' Sai in zauna a bakin ruwa da agogo, ina kallonsa. Sati huɗu lafiya."

"Jiya fa?"

"Ya ce in tafi gona, iya gwiwa zai tsaya. Na ga ruwan ya ƙaru, Yallaɓai. Na gani da idona. Na tafi." Ya goge fuska da hula. "Da na dawo na faɗa ruwa don a gan ni a jiƙe."

"Kawu," Hannah ta ce, "layin da na je coci na gode wa Allah a kansa, zuciyarka ce?"

"Tawa ce."

"Ɗari da sittin ɗin fa?"

"Lokacin da Bilkisu ta ce min Ticha ya tafi."

Sai a nan Hannah ta yi kuka, kukan da ta riƙe tun daga Yola. Ta ce ta yafe, ta ce a yaga takarda. Elkana ya ce rai ya salwanta ta hanyar sakaci, an kuma yi wa hukuma ƙarya, ba a hannunsa abin yake ba, sai gaban alƙali. Ya ɗauko ankwa, ya dubi bayan Ishiyaku, bayan da ya goya malaminsa ya haye duwatsu, ya mayar da ita aljihun tebur. Da kansa ya raka Ishiyaku zuwa sel, suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

In ana batun wanda ya ci da wanda ya faɗi a cinikin gindin dalbejiya, Ticha ya sami sati shida na ruwan da yake so, ya biya da ransa. Ishiyaku ya rasa gona da suna da abokin shekara talatin. Hannah ta rasa uba da kawu a sati ɗaya, ta koma Yola da waya cike da bugun zuciyar da ba ta babanta ba, ta kasa gogewa. Elkana ya rufe fayil, ba wanda ya ce masa sannu, shi ma bai nema ba. Gonar Wuro Patuji kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa ta a daminar. Ciyawa ce kaɗai ta ci riba.