Leɓen da Ya Fara Taɓawa

Ruwa da mai ba sa shiri, wannan ko yaron goye ya sani. Amma akwai masu sana'ar da abincinsu ya rataya a kan sulhunta su, kuma cikinsu har da mutumin da 'yan layinsu ke kira Mai Kwalba. Jan baki na ruwa yake haɗawa, irin wanda ake ɗurawa a 'yar kwalba mai tsinke da soso a kai, mace ta shafa leɓenta ya yi laushi ya yi sheƙi. A ɗakin bayan gidansa yake aikin. A tukunya ɗaya ya narka kakin zuma da man kwakwa da launi, a ɗaya ya ɗumama ruwa da gilisarin, sinadarin laushin fata. In zafinsu ya zo ɗaya sai ya zuba mahaɗi, sinadarin da ke riƙe ruwa da mai wuri guda, ya riƙa tsiyaya wannan cikin wancan, injin kaɗawa na juyawa. Ranar farko kwaɓin kan fito sumul kamar madara. Bayan 'yan makonni ne yake tsinkewa a kantin mutane, mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, launi ya dunƙule a tsakiya. Masu kanti su dawo masa da kayansa, da baƙar magana a matsayin gyara.

Duk kwaɓin da ya sauke, matarsa ce ke fara gwadawa. Ta lakato da ɗan ƙaramin yatsa, ta shafa, ta matse leɓe, ta lumshe ido, sannan ta ce "Ya yi" ko "Da saura." 'Yarsu ƙarama, wadda suke kira Aku saboda ba abin da za ta gani ko ta ji ba ta kwaikwaya ba, takan tsaya gefen uwar tana shafa yatsa ba komai, ita ma tana lumshe ido.

"Baban Aku, zafin nema ba ya kawo samu," in ji matar. "Ka canja mahaɗin nan, ka ajiye kwalba ɗaya cikin rana, wata a firiji, ka ga yadda za su yi kafin ka kai kasuwa."

"Ni zan zauna gadin kwalba wasu na sayen motoci?" Abin da ya ce ke nan. Mutumin yana da hannu, ba a raina masa, haƙuri ne Allah bai ba shi ba.

Wani mai kawo masa kwalabe ne ya raɗa masa labarin bokan da ke zaune bayan tsohon kamfanin ƙanƙara da aka rufe. Da tsakar rana ya je, rana na dukan ƙeya. Ɗakin ba taga. An jera tuluna a jikin bango, kowanne an kife shi. Daga rufi igiyoyi ne ke reto, an tsire busassun kwaɗi da ƙadangaru a jiki, bakunansu a buɗe. Ko'ina a bushe yake ƙamas, har miyau ya ƙafe a bakin Mai Kwalba. Abu ɗaya ne mai danshi a ɗakin, leɓen bokan, wanda ke sheƙi kamar yanzu aka shafe shi da mai.

"Miƙo abin da ke aljihunka," in ji bokan, tun kafin a gaisa.

Ya miƙa wata kwalbar da ya zo da ita, wadda kwaɓinta ya tsinke. Bokan ya juye ta a wani baƙin kasko, ya zaro wani ƙashi mai tsawon yatsa da aka naɗe da jar fata, ya sunkuya yana kiran wasu sunaye ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya ya juya ƙashin. Ba wuta, ba inji, amma mai da ruwan suka rungumi juna, kwaɓin ya kwanta luf. Igiyoyin rufi suka motsa, alhali ba iska.

"Abin da wannan ya haɗa ba ya rabuwa," in ji bokan. "Macen da ta shafa sau ɗaya ba za ta sake kallon na wani ba."

"Nawa zan bayar, ranka ya daɗe?"

"Riƙe kuɗinka. Wa ke fara shafa kwaɓinka?"

"Mai ɗakina."

"To, ba sai ka canja komai ba. Kowane kwaɓi, leɓen da zai fara taɓa shi ya zama na ɗan gidanka, wanda kuke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Danshin da za ka sayar wa matan gari ba daga sama zai faɗo ba. Leɓen farko shi zai shayar da sauran."

Mai Kwalba ya ɗago ya dube shi. "Ba dai wani abu zai same ta ba?"

Bokan ya lashi leɓe. "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ba ka so, ga ƙofa."

Ya dubi ƙofa, ya dubi kaskon. Ya ɗauki ƙashin. Kada wani ya ce bai gane ba, ya gane sarai, ƙarin tambaya ce ya ƙi yi don kada a ba shi amsa.

Kasuwa ta buɗe kamar an yi sakin dam. Masu kantin da suka zage shi su ne ke layi a ƙofarsa suna kiransa babban yaya. Ya fasa bangon ɗakin baya ya faɗaɗa, ya sayo manyan tukwanen silba da injin ɗura kwalba, ya ajiye mota. Kowane kwaɓi sai ya faki ido ya juya ƙashin, ya kira Maman Aku. Ita kuwa baiwar Allah ta shafa, ta ce "Ya yi," tana murna addu'arta ta karɓu.

Ƙishirwa ce ta fara. Ta sha kofi, ta sha jug, ta kafa kai a famfo, ba ta ƙoshi. Leɓenta ya tsage, fatarta ta yamushe, in ta yi kuka ba hawaye. Likitoci suka ɗaura mata ruwa leda bayan leda, suna kallon juna, don ba su san inda yake tafiya ba. Ranar da ta cika, masu wanka sun ce ba ta fi ƙaramar yarinya nauyi ba. Ya yi kuka, kukan gaske. Amma kafin a gama karɓar gaisuwa ya kunna wuta ƙarƙashin tukunya.

Ya gwada bai wa wata ma'aikaciyarsa ta fara shafawa, kwaɓin ya tsinke kafin la'asar. Sai idonsa ya faɗa kan ƙanwarsa, wadda ta dawo gidan don ta riƙe Aku.

"Yaya, ni me na sani a kan jan baki?" ta ce tana dariya.

"Shafa kawai ki faɗa mini."

Ita ba ta mutu ba, da ma ta mutu ta huta. Wata safiya aka same ta zaune cikin bahon wanka da kayanta, tana ihu wai mata dubu na tsotsar bakinta. Da igiya aka fitar da ita daga gidan.

Gida ya rage daga shi sai Aku. Ya rantse ya daina. Rantsuwar ba ta yi nisa ba wani babban dillali ya aiko yana son kaya cikin mota guda. Ya ce wa ransa wannan ne na ƙarshe, kuma shi da kansa zai shafa, tunda boka bai ce ban da shi ba. Tun ranar farko ma bai ce ban da shi ba.

Ya sauke kwaɓin, ya juya ƙashin, ya lakato da yatsa. Ya kai yatsan daf da bakinsa. Sai ya tuna fuskar matarsa a gadon asibiti, tsoro ya kama shi. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, dillalin ne. Ya goge yatsan a riga da sauri kamar wanda aka ceta, ya fita tsakar gida yana amsawa. Bai ja ƙofar ba.

Da ya dawo, Aku na tsaye a kan kujera gaban tukunya. Ta matse leɓe, ta lumshe ido, sak uwarta.

"Baba, na gwada maka tunda Mama ba ta nan," ta ce. "Ya yi."

Ya sungume ta ya wanke bakin da sabulu har tana kuka. Ya kifar da tukunyar a kwata. Ya ruga wurin boka ba ko takalmi, ya zube yana roƙo a karɓi mota, a karɓi gida, a karɓi ransa.

"An ba ka dama ka bayar da naka, ka goge a riga," in ji bokan. "Ai na faɗa maka, abin da ƙashin ya haɗa ba ya rabuwa."

Da ya koma gida ya tarar da ita a bakin famfo. "Baba, ƙishirwa," ta ce. Ƙaramin jiki ba ya da ruwan da zai daɗe ana ɗiba. Ba ta ga ƙarshen makon ba.

Ranar da aka binne ta tsafin ya warware, duk kwalbar da ke kanti da wadda ke jakar mata ta tsinke, tana wari kamar mushe. Aka fasa masa wurin aiki, aka kwashe injuna. Yanzu yana nan a bakin famfon layinsu cikin tsumma, leɓensa jina-jina, riƙe da kwalbar da ya zuba wa ruwa da mai. Ya girgiza, ya ɗaga ta sama ya jira su rabu, ya sake girgizawa. Duk yarinyar da ta zo ɗiban ruwa sai ya daka mata tsawa kada ta taɓa.

To, mai neman dare ɗaya ya zama wani, in kunne ya ji jiki ya tsira. Gyaran kwaɓin nan mahaɗi ne mai kyau da ɗan haƙuri, matarsa ta faɗa masa kyauta. Boka ba ya haƙa rijiya. Duk abin da ya ba ka, daga cikin gidanka ya ɗebo shi, kuma ba ya tambayarka wa ka fi so.