Maɓallin Tsalle a Hagu

Saura kwana uku kamfanin ya saki wasansa na farko na waya, Oga ya shigo ya dangwarar da wayarsa a kan tebur. Ga wasan nasu a kasuwa, akuyarsu tana tsallake rijiyoyi, amma da sunan wani kamfani. Shekara shida suna yin wasannin kwamfuta a ɗaki biyu, wannan ne zai kai su aljihun kowa.

Mutum uku ke tafiya gida da kwafin gwaji: Injiniya, Manajan Talla da Mai Zane.

"Ƙanin Mai Zane a wancan kamfanin yake aiki," in ji Manaja. "Biri ya yi kama da mutum."

Mai Zane ta fashe da kuka. Oga ya ce ta tattara kayanta, zai kira 'yan sanda.

"Kai, tsaya!" in ji Gwaggo.

Yayar mahaifin Oga ce, kuma ita ke gwada wasanni, don dokar kamfanin ita ce abin da Gwaggo ta kasa bugawa ba ya fita. Ta gyara tabarau, ta buɗe wasan satar. Sau uku akuya na faɗawa rijiyar farko.

"Ikon Allah! Ni da nake tsallake saba'in?"

Sai ta dubi babban yatsanta. Dama yake dannawa, inda ya saba, maɓallin tsalle kuwa yana hagu.

Ta karɓi wayar Mai Zane. Maɓalli a dama. Ta juya kan Injiniya.

"Ɗan nan, da kai ne ɓarawon, wane kwafi za ka ɗauka?"

"Allah ya tsare! Amma ai cikakken yana kwamfutata, Gwaggo."

"Maɓallinsa fa?"

"Dama. Babu bahago a nan."

"Ban tambaye ka bahago ba. Wa ƙofar mota ta datse wa yatsa watan jiya?"

Injiniya ya dafe kai. "Manaja! Ya ce ba ya iya dannawa, na mayar masa da maɓallin hagu. A kwafinsa kaɗai."

Manaja ya fara laluben aljihu, wai wayarsa ba caji. Gwaggo ta miƙa masa caja. Da aka kunna, maɓalli na hagu.

"Yatsan ya warke, amma hannunsa ya saba da hagun, har ya manta ba haka na kowa yake ba," in ji ta. "Ya kwashe shi ɗungurungum ya kai musu."

Kunya ta kama Oga. Ya je da kansa ya kwashe kayan Mai Zane daga kwalin da ta zuba su, ya mayar kan teburinta, yana ta ba ta haƙuri.

Ita kuwa ta durƙusa gaban Gwaggo, ta riƙe wannan babban yatsan da hannu biyu.

"Kin fitar da ni, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya raba ki da sharrin da ba ki ji ba ba ki gani ba."

"Amin, 'yar nan. Sakar min yatsana, akuyata na cikin rijiya."